Allurar Baya ko Allurar Barci: Abin da Ke Faruwa a Jikinki Lokacin Tiyatar Haihuwa

Uwargida, idan a wajen awo aka gaya miki cewa haihuwar wannan karo sai an yi aiki, to kafin ranar za ki gana da wani ma'aikacin da ba ki saba gani a ɗakin awo ba, wato likitan sa barci. Zai ce ki buɗe baki ya leƙa, ya ce ki ɗaga kai sama, ya shafa ƙashin bayanki, ya tambaye ki magungunan da kike sha da irin aikin da aka taɓa yi miki. Daga nan sai ya zo kan maganar da ta fi tsaya wa mata a rai: allurar baya za a yi, ko ta barci?

Mata da yawa ba sa ko bari ya rufe baki. "Likita, a sa ni barci kawai, in farka in ga ɗana." Wani lokaci ma ba mai cikin ce za ta faɗa ba, mahaifiyarta ce ko uwar mijinta, don an taɓa ba su labarin wance da aka yi wa allurar baya ta kasa tafiya. Babu laifi a jin tsoro. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki sa hannu a takarda: maganin barci yana hana ki sanin ana yanka, amma ba ya hana jikinki sani. Kina kwance ba ki san inda kanki yake ba, alhali zuciyarki da hantarki da ƙodarki duk sun sami labari, sun tashi tsaye. Yadda za su tashi kuwa, da ƙarfi ko a hankali, ya danganta ƙwarai da irin allurar da aka zaɓa.

Jiki bai san tiyata ba, rauni ya sani

Wuƙar likita da ƙahon sa, a wajen jiki duk ɗaya ne. Da zarar an tsaga fata, jijiyoyin da ke wurin sai su ɗauki saƙo su bi ta laka, wato igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, su kai wa ƙwaƙwalwa kafin ƙiftawar ido. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa bincike, gangami take yi. Tana da 'yan aike da ake saki cikin jini, wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, kowanne da inda aka aike shi da abin da zai je ya faɗa.

Na farko shi ne adiranalin. A kan kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da ke zaune kamar hula, daga nan yake fitowa. Shi ne kike jin aikinsa idan aka firgita ki, gaba ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, tafin hannu ya yi sanyi. Yana hanzarta bugun zuciya, ya matse hanyoyin jini, jini ya hau. Na biyu kotisol. Shi ma daga wannan ɗan nama yake fitowa, sai dai umarninsa yana zuwa ne ta cikin jini, daga wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A babban aiki, cikin awa 4 zuwa 6 yawansa a jini kan ninka sau uku ko huɗu. Su biyun nan sai su je su ce wa hanta ta buɗe rumbu. Hanta ta zubo sukarin da ta adana, in ya ƙare ta shiga haɗa wani daga tsokar jiki. A daidai wannan lokaci kuma, insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukari cikin tsoka don a yi amfani da shi, sai jiki ya rage jin maganarsa. Shi ya sa mutumin da bai taɓa yin ciwon sukari ba za a auna shi bayan tiyata a ga sukarinsa ya hau, alhali bai sa komai a baki ba tun jiya.

Akwai kuma 'yan aiken da ake tura wa ƙoda su ce ta riƙe ruwa da gishiri. Wannan umarni yakan kai kwana 3 zuwa 5 yana aiki, shi ne dalilin da fitsari kan ragu, ƙafafu su ƙara kumbura bayan aiki. Jini ma yakan ƙara saurin daskarewa.

Wanda ya fara auna wannan al'amari da kyau shi ne David Cuthbertson, wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan. A 1932 ya wallafa abin da ya gani a jikin mutanen da suka karye: fitsarinsu yana fitar da alamun narkewar tsoka fiye da abin da kwanciya kaɗai za ta jawo. Wato jiki yana cin kansa ne don ya yi jinyar rauninsa.

In kin duba da kyau, tsarin yana da hikima. Mutumin da dabba ta ji wa ciwo a daji, ba ruwa ba abinci, jini yana zuba, daidai abin da yake bukata ke nan: jini ya tsaya, ruwan jiki kada ya salwanta, ƙwaƙwalwa ta sami sukari har a kawo masa ɗauki. Amma ke a gadon asibiti kike, da ledar ruwa a hannu, likita ya ɗaure jijiyar da ke zubar da jini. Gangamin ya fi ƙarfin abin da ya faru, kuma yana da nasa lahani. Sukari mai yawa a jini yana rage wa garkuwar jiki ƙarfi, har ɗinki ya kama ƙwayar cuta. Narkewar tsoka na barin kasala mai daɗewa. Zuciya tana aiki fiye da ƙima, hanji ya yi nauyi ya ƙi motsi, jini ya iya yin guda a jijiyar ƙafa.

Mai ciki kuma dama da kaya a kanta. A watan haihuwa jinin jikinki ya ƙaru da kusan rabi. Kotisol ɗinki ya riga ya ninka sau biyu ko uku tun ba a taɓa ki da wuƙa ba. Mabiyiya tana fitar da nata sinadaran masu rage jin insulin, domin sukari ya wadaci abin da ke cikinki, kuma ta nan ne wasu mata ke samun ciwon sukari na lokacin ciki. Sa'an nan fiye da rabin lita na jini ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya, kuma hanyoyin wannan jini suna matsewa idan adiranalin ya yi yawa. In suka matse, rabon jariri na iska da abinci ne ke raguwa.

Abin da allurar barci ke yi, da abin da ba ta yi

Ta jijiyar hannu ake ba da ita. Kafin minti ɗaya barci ya ɗauke ki, a zura miki bututu ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi miki numfashi tare da iskar da ke ci gaba da riƙe barcin. Tun 1846, lokacin da William Morton ya nuna wa likitoci a birnin Boston na Amurka cewa za a iya yi wa mutum tiyata bai ji zafi ba, wannan hanya ta ceci rayukan da ba su ƙidayuwa. Ba abin rainawa ba ce.

Sai dai ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sani da tunani take kwantarwa. Hanyar da saƙo ke bi daga rauni zuwa laka zuwa ƙasan ƙwaƙwalwa tana nan a buɗe, kuma a can ne ake kiran gangami. Zura bututun ma kansa babban tashin hankali ne ga jiki, yakan sa jini ya yi tsalle na 'yan mintoci. Ga mace mai lafiya wannan yakan wuce ba tare da wata illa ba. Ga wadda ke fama da hawan jinin masu ciki, mai kumburi da ciwon kai, wadda ake tsoron jijjiga ta kama, wannan tsalle na iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Likita yana da magungunan da yake rage shi da su, amma in da hali gara kada a tayar da shi tun farko.

Za ki ce, to me zai hana a ƙara maganin har ya kwantar da gangamin baki ɗaya? A wasu ayyukan haka ake yi. A tiyatar zuciya, alal misali, ana ba da manyan magungunan kashe zafi na dangin mofin da yawa, kuma suna danne adiranalin da kotisol sosai. Amma waɗannan magunguna suna ratsa mabiyiya su isa ga jariri, a haife shi yana kasa numfashi. Don haka kafin a ciro jariri likita yakan taƙaita su, sai an yanke cibiya ya ƙara. Ke nan lokacin da jikin uwa ya fi tashi shi ne lokacin da jariri ke ciki. Iskar barcin kuma, in ta yi yawa, tana saki mahaifa, alhali bayan fitar mabiyiya so ake mahaifa ta dunƙule ta tsai da jini.

Akwai kuma haɗari biyu da ba su shafi sinadarai ba amma dole a faɗe su. Na ɗaya, abin da ke cikin tumbi ya taso ya faɗa huhu lokacin da mace ba ta cikin hayyacinta. Curtis Mendelson, wani likitan haihuwa a birnin Niyok, ya bayyana wannan a 1946, bayan ya ga hakan ya faru sau 66 cikin haihuwa 44,016. Na biyu, a kasa zura bututun, domin maƙogwaron mai ciki yakan kumbura. Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa hakan na faruwa ga kusan mace 1 cikin 400. Dalilin leƙa bakinki da likita ya yi ke nan.

Allurar baya: a datse hanya tun daga ƙasa

A zaune ko a kwance ta gefe ake yin ta. Za a ce ki rungume matashin kai, ki sunkuya, ki turo bayanki. A wanke wurin, a soka wata siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, a zuba magani kamar rabin ƙaramin cokalin shayi cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi. Ki lura, ba a laka ake sokawa ba. Laka tana ƙarewa ne a sama da wurin. Cikin minti 5 zuwa 10 za ki ji ƙafafu sun yi ɗumi, sun yi nauyi, daga ƙarƙashin nono zuwa yatsun ƙafa ya mutu. Za ki ji ana taɓawa, ana dannawa, ana ja, amma ba zafin yanka. Akwai labule tsakaninki da wurin aikin, ba abin da za ki gani. Bayan awa 2 zuwa 3 ƙafafun su fara dawowa. Akwai wata 'yar'uwarta da ake barin siririn bututu a baya ana ƙara magani ta ciki, wadda aka fi amfani da ita wajen rage zafin naƙuda, ita ma ana iya yin aiki da ita.

Abin da wannan allura ke yi shi ne datse hanya ta fuska biyu. Saƙon rauni ba ya isa ƙwaƙwalwa, sa'an nan jijiyoyin da ke sauko da umarni zuwa hular ƙoda don ta saki adiranalin su ma suna cikin waɗanda maganin ya kwantar. An sha auna jinin matan da ake yi wa aiki da ita, ana samun adiranalin da kotisol da sukari ba su hau kamar na waɗanda aka sa barci ba. Ta fi yin wannan tasiri a ayyukan da ake yi ƙasa da cibiya, tiyatar haihuwa kuwa a nan take. A aikin tumbi ko na hanta, da ke sama, akwai wasu jijiyoyin da maganin ba ya kaiwa gare su, don haka gangamin ba ya kwantawa sosai.

Wanda ya fara yin ta ga masu tiyata shi ne August Bier, a garin Kiel na ƙasar Jamus, a 1898. Bayan ya gwada a kan marasa lafiya 6, sai shi da mataimakinsa suka gwada a kan junansu. Dukansu sun sha ciwon kai mai tsanani, shi Bier kwana 9 ya yi a kwance. Alluran wancan zamani masu kauri ne, suna barin kafar da ruwan laka ke yoyo ta ciki. Na yanzu sirara ne ƙwarai, ciwon kan ya ragu sosai, ko da yake bai ɓace ba. Alamarsa ita ce yana tashi idan kin zauna ko kin miƙe, ya lafa idan kin kwanta, kuma yana da magani.

Batun shanyewar ƙafa fa? Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2009 ya nuna cewa a cikin masu haihuwa, illa mai ɗorewa daga allurar baya, ko a ƙiyasi mafi muni, ta shafi kusan mace 1 ne cikin 80,000. Mafi yawan raunin ƙafa da ake gani bayan haihuwa daga doguwar naƙuda yake, inda kan jariri ya daɗe yana danne jijiyoyin ƙugu. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, aka kawo ta aka yi mata aiki, daga baya ƙafa ta riƙa ja, sai laifin ya faɗa kan allura don ita aka gani.

Amma kada mu yabi allurar baya fiye da yadda take. Tsokar da aka yanka tana sakin nata sinadaran na kumburi kai tsaye cikin jini, ba ta hanyar jijiya ba, kuma babu allurar da ke hana wannan. Shi ne ke kawo ɗan zazzaɓi da gajiya a kwana na ɗaya da na biyu. Sa'an nan idan maganin ya saki, zafi ya taso, gangamin yakan biyo baya, sai fa in an tare shi da maganin ciwo a kan lokaci. Tsoro ma kaɗai ya isa ya tayar da kotisol, tun da umarninsa ta jini yake bi, allurar baya ba ta tare shi. Saboda haka hirar da likitan sa barci ke yi da ke lokacin aiki ba surutu ba ne, tana cikin jinya. Ki yi masa tambaya, ki gaya masa abin da kike ji.

Babbar matsalarta kuwa daga amfanin nata take fitowa. Tun da ta kwantar da jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini, jini yakan sauka, wani lokaci da sauri. Za ki ji jiri, ko tashin zuciya, ko kamar numfashi bai isa ba. Kada ki daure, ki faɗa nan take. Domin wannan ne ake ɗan karkata ki zuwa hagu don nauyin ciki ya sauka daga kan babbar jijiya, ake ƙara ruwa, ake auna jini kowane minti ɗaya ko biyu, da allurar ɗaga shi a ajiye kusa. Allurar baya tana da sauƙin yi, amma kula da mace bayan an yi ta shi ne aikin, kuma bai kamata a yi ta ba sai inda akwai ƙwararre da na'urorin aunawa.

A 2012 wasu likitoci biyu na Jami'ar Legas, Bosede Afolabi da Foluso Lesi, sun tattara sakamakon bincike 22 da aka yi a kan mata 1,793 don kwatanta hanyoyin biyu. Sun samu cewa waɗanda aka yi wa allurar baya sun fi ƙarancin zubar jini. Ba su ga hujjar cewa ɗaya ta fi ɗaya wajen manyan matsalolin uwa ko jariri ba, sai dai adadin matan ya yi kaɗan a ga abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba. A 2016 kuma mujallar Lancet Global Health ta wallafa wani nazarin da ya haɗa rahotanni daga ƙasashe masu tasowa, inda aka ga haɗarin mutuwa ga matan da aka sa barci ya ninka na masu allurar baya kusan sau uku. A nan sai a yi adalci: sau da yawa matan da suka fi jin jiki su ake sa wa barci, don haka ba duk bambancin ne laifin maganin ba.

Lokacin da barcin ne ya fi

Idan mace ta zo tana zubar da jini sosai, mabiyiya ta rabu da mahaifa ko mahaifa ta fashe, to gangamin nan da muke ta kuka da shi shi ne ke riƙe da ranta. Adiranalin ne ya matse hanyoyin jini don ɗan abin da ya rage ya isa zuciya da ƙwaƙwalwa. In aka yi mata allurar baya aka kwance wannan ɗauri, jini zai faɗi warwas. A irin wannan hali barci ake sa ta, sau da yawa da wani magani da ake kira ketamin, wanda ba ya saukar da jini kamar sauran. Haka nan wadda gwaji ya nuna jininta ba ya daskarewa yadda ya kamata, da wadda jijjiga ta gusar wa hankali, da mai ƙurji a wurin da za a soka, da masu wasu cututtukan zuciya, da lokacin da jariri ke cikin matsin da ko minti biyar ba za a iya jira ba. Wani lokaci ma allurar bayan ce ba ta kama da kyau, sai a koma barci.

Maigida, wannan naka ne. Idan aka kira ka sa hannu cikin gaggawa aka ce barci za a sa ta, bayan a wajen awo an ce allurar baya, ba saɓa alkawari aka yi ba, yanayin ne ya sauya. Kada ka ce sai ka je gida ka yi shawara.

Rabon jariri

Sukarin jinin uwa yana ratsawa zuwa ga jariri. In ya yi yawa, jikin jariri sai ya saki insulin mai yawa don ya daidaita shi. Da an yanke cibiya sukarin uwa ya daina zuwa, insulin ɗin kuwa yana nan, sai sukarin jariri ya faɗi, ya yi laushi, ya ƙi kama nono. Wannan ya fi shafar 'ya'yan masu ciwon sukari, shi ya sa ake yawan auna su uwa da ɗa, kuma ba a ɗura wa mai shirin aiki ruwan sukari da yawa.

Wani abin mamaki kuma, shi jariri yana bukatar nasa gangamin. Naƙuda tana sa jikinsa ya saki adiranalin da kotisol, waɗanda ke taimaka wa huhunsa ya tsotse ruwan da ke ciki ya shirya shaƙar iska. Jaririn da aka ciro ba tare da naƙuda ba yakan rasa wani ɓangare na wannan shiri, musamman in an yi gaggawa. Saboda haka aikin da aka tsara, in babu wani dalili na lafiya, akan jira ciki ya kai mako 39. Kada a matsa wa likita ya matso da rana don wani biki ko tafiya.

Sai batun nono. Oksitosin shi ne sinadarin da ke tunkuɗo ruwan nono, shi ne kuma ke dunƙule mahaifa. Zafi da tsoro suna hana shi fita. Uwar da aka yi wa allurar baya tana farke, tana jin kukan farko, ana iya ɗora mata jariri a ƙirji ya fara shan dakashi cikin awa ta farko kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Wadda aka sa barci ita ma za ta shayar lafiya, da zarar ta farfaɗo sai a sa mata shi. Ruwan nono sosai yakan zo ne a kwana na 2 ko na 3, wani lokaci ya ɗan makara bayan aiki. Dakashin ya ishe shi kafin nan, kada a ba shi ruwa ko wani jiƙo.

Abin da bai kamata ki ɓoye wa likita ba

Mun yi ta maganar gangami ya yi yawa. Akwai kuma wadda nata ba ya tashi sam, kuma wannan ya fi haɗari. Idan mutum ya daɗe yana shan magungunan dangin kotisol, kamar firedinisolon ko deksametason, sai hular ƙodarsa ta ga ana kawo kaya daga waje, ta daina yin nata. Ranar tiyata, lokacin da jiki ke neman kotisol ninki uku, sai a tarar babu. Jini ya faɗi, a yi ta ƙarin ruwa ya ƙi tashi. Masu shan su bisa umarnin likita, don asma ko ciwon gaɓɓai, sukan faɗa. Waɗanda ba sa faɗa su ne masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai deksametason a ciki, da masu shafa man bilicin, domin da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da dangin wannan magani mai ƙarfi, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Wani bincike da aka yi a kan masu ciki a birnin Dakar na ƙasar Sanagal, aka wallafa a 2007, ya samu cewa masu shafa irin masu ƙarfin kotisol ɗin jininsu ya yi ƙasa. Ba wanda zai yi miki faɗa a kan wannan. Ki zo da kwalin ko kwalbar ki nuna. In likita ya sani, allura ce zai yi miki kafin aiki ta cike giɓin. Kuma kada ki daina shan ƙwayar farat ɗaya da kanki, a hankali ake janye ta.

Haka nan ki faɗa in kina da ciwon sukari, ko maƙoƙo, ko sikila, domin sanyi da ƙarancin ruwa da ƙarancin iska na tayar da ciwon mai sikila. Ki faɗi duk wani tsimi ko jiƙo da kike sha, da ko wani a danginku ya taɓa samun matsala da maganin barci.

Kafin aiki da bayansa

A da akan hana mai jiran aiki ci da sha tun tsakar dare, ko da sai la'asar za a shiga da ita. Yanzu an gane cewa doguwar yunwa ita ma tana tayar da gangami, tana ƙara wa jiki ƙin jin insulin, kuma mai ciki ta fi kowa saurin galabaita. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, shi ya ja gaba a shekarun 1990 wajen nuna cewa rage yunwa, da kashe zafi da kyau, da saurin tashi daga gado suna gaggauta warkewa. Ƙa'idar da aka fi bi ga aikin da aka tsara ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa har zuwa awa 2. Kunu, koko, fura da shayi mai madara duk abinci ne, ba ruwa ba. Ki bi lokacin da likitanki ya ba ki, in kuma aikin gaggawa ne ki faɗi gaskiyar abin da kika ci da lokacin da kika ci.

Bayan aiki, an san matanmu da dauriya, har ana yabon wadda ba a ji ko uffan ɗinta ba. A nan dauriya ba ta da riba. Zafin da kika danne yana ci gaba da tayar da adiranalin, yana hana ki numfashi sosai, yana hana ki motsi, yana riƙe nono. Ki karɓi maganin ciwo a kan lokacinsa tun zafin bai yi ƙarfi ba. In aikin ya tafi daidai, akan bari ki fara shan ruwa da cin abu mai sauƙi cikin 'yan awoyi, ki zauna, ki taka da taimako da zarar ƙafafu sun dawo. Tafiyar nan ce ke tayar da hanji, ta hana jini yin guda.

Iyaye masu kula da mai jego, ku tuna cewa a kwanakin farko ƙodarta tana riƙe gishiri da ruwa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, don haka a ɗaga mata kunun kanwa, musamman in tana da hawan jini ko kumburi. A ba ta abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nama, don ta mayar da tsokar da ta narke. Wankan ruwa mai tsananin zafi kuma a tambayi likita tukuna saboda ɗinki.

In kun koma gida aka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yi mata wuya, ko zazzaɓi, ko ɗinki yana fitar da ruwa, ko jini mai yawa, ko ciwon kai mai tsanani, ko wanda ke tashi in ta zauna, ko gani yana dishi-dishi, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A dawo da ita asibiti a ranar, ko da dare ne, a taho da katin sallama.